Filin Tambaya da Amsa: Daga Lambatu Zuwa Randa, Halin da Ruwan Zariya Yake Ciki

Wasiƙun da suka zo mana wannan wata daga Zariya da kewaye kusan duk a kan ruwa suke, tun daga rijiyar tsakar gida har kogunan Kubanni da Galma. Mun zaɓi bakwai, mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili, masu nazarin ruwa da lafiyar dabbobi da ke riƙe da wannan shafi kuma suka amsa.

Wani masunci daga wajen Dakace: Kusan kowace shekara, kwana ɗaya ko biyu bayan ruwan farko mai ƙarfi, sai mu wayi gari kifi ya taso saman gurbi, wasu sun mutu, wasu suna haki. Wasu su ce guba aka zuba, wasu su ce sabon ruwa ne bai karɓe su ba. Ina gaskiyar take, kuma ana iya cin irin wannan kifi?

Malam, sannu da fama. Mafi yawan lokuta babu mutum ɗaya da ya zuba wani abu da hannunsa. Gari ne gaba ɗaya ya tara, a hankali, tsawon rani. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Afrilu, wajen wata shida ke nan, ba a ruwan kirki a Zariya. A wannan tsakani lambatun Samaru da Sabon Gari da Tudun Wada da cikin Birni suna tara ruwan wanke-wanke, kashin dabbobi, ragowar abinci, ruwan masai da ya tumbatsa, toka da baƙin mai. Ruwan farko ya kwashi tarin wata shida ya juye a rafi cikin 'yan sa'o'i, daidai lokacin da kogin ya fi ƙanƙancewa, ba shi da yawan da zai sirka ƙazantar.

Kifi da iskar oksijin da ta narke cikin ruwa yake numfashi, ita kuwa ba yawa gare ta ba. Ruwan da zafinsa yake digiri 20 yana riƙe kimanin miligiram 9 a kowace lita. Idan ya kai digiri 30, kamar yadda yake a bazara, bai wuce 7 da rabi ba. Kifi yana sakewa idan akwai 5 ko fiye, ya fara galabaita idan ta sauka ƙasa da 3, ƙasa da 2 kuwa mutuwa ce ga yawancinsu. Da ƙazanta ta shigo, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ita sai su hayayyafa, su ma da wannan iskar suke aiki, su shanye ta kafin kifi ya samu. Gansakuka kuma da rana take ba ruwa iska, da dare ita ma ja take yi. Shi ya sa ɓarnar ta fi yawa gab da asuba.

Kana iya bambance rashin iska da guba tun daga bakin gaɓa. Idan rashin iska ne, da sassafe abin yake faruwa, kifin yana taruwa a sama yana buɗe baki, manya ne suke fara mutuwa, kuma karfasa da kawara za ka ga sun fi zuba, tarwaɗa da gaiwa suna nan da ransu, domin su suna iya shaƙar iskar sarari. Ruwan yakan yi baƙi ko toka-toka, da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Idan guba ce, ba ruwanta da lokaci, ko da tsakar rana sai ta yi aiki. Ƙananan kifi ne suke fara tafiya, za ka ga suna juyi suna zabura kamar masu farfaɗiya, tarwaɗa ma ba ta tsira, kuma za ka tarar da kwaɗi da ƙaguwa da ƙwarin ruwa a mace, alhali ruwan yana iya zama garau.

Batun ci kuwa, kada a ci, kada a sayar. Ƙyafewa da suya ba sa fitar da maganin ƙwari daga naman kifi, wanda kuma rashin iska ya kashe, a cikin ruwan masai ya kwana ga zafi. A kwashe matattun a binne nesa da gaɓa, domin barinsu a ruwa yana ƙara cinye 'yar iskar da ta rage.

Idan ana son a gano dalili, sai an hanzarta, don ruwa mai gudu ba ya jiran mai bincike. A samu kwalabe masu tsabta na lita ɗaya, na gilashi sun fi idan ana zargin maganin feshi. A ɗebi ruwa a inda kifin ya mutu, a ɗebi wani a sama da wurin inda babu matsala, a rubuta wuri da lokaci a jikin kowace, a sa cikin ƙanƙara. A haɗa da kifi biyu ko uku da suke gargara ba su riga sun mutu ba. A sanar da Sarkin Ruwa da sashen lafiya na ƙaramar hukuma da hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna, KEPA, a ranar.

Wata Hajiya daga Gyallesu: Ruwan rijiyarmu fari ne tas, ba wari, ba ɗanɗano, har alif nake sawa idan ya ɗan yi duhu. Amma duk damina sai yara sun yi ta gudawa da taifot. Tsakanin rijiyar da masai taku goma ne. Shin daga nan ne?

Hajiya, zarginki yana kan hanya. Abin da muka koya a makarantar allo da zaure shi ne ana duba ruwa da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa, kuma wannan hukuncin tsarki ne, yana nan daram. Amma lafiyar sha wani babi ne daban. Ruwan da ya halatta a yi alwala da shi yana iya ɗauke da ƙwayoyin kwalara da taifot da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada a samu ƙwayar cutar bayan gida ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha.

Ƙasar Zariya dutse ne a ƙarƙashi, rijiyoyin gida kuma daga ruɓaɓɓen dutse da ƙasar da ke samansa suke samun ruwa, ba daga can ƙasa mai nisa ba. Lokacin marka, a Agusta da Satumba, ruwan ƙasa yana tasowa har ya kusa taɓa gindin ramin masai, wani wurin ma ya shige shi. Daga nan masai da rijiya sun zama tafki ɗaya a ƙarƙashin gida. Ƙa'ida ita ce a bar mita 30 tsakaninsu, rijiya ta kasance ta wajen tudu, gindin masai kuma ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwa yake kaiwa da damina. Taku goma bai fi mita 7 ko 8 ba. Mun san filayen gidajen cikin gari ba sa ba da wannan tazara, kuma ko naki masai ya yi nisa, na maƙwabci yana bayan katanga.

Duk da haka kada ki ɗora wa masai laifin duka. Ƙazanta da yawa ta baki take shiga. A ɗaure bakin rijiyar da bulo da siminti ya tashi kamar santimita 70 zuwa 80, a yi mata daɓen kankare mai gangara na mita ɗaya da rabi ko biyu kewaye, da 'yar kwata da za ta kai ruwan da ya zube nesa. Mita 3 na sama a cikin rijiyar a shafe su da siminti, kada a bar tsaga. A sa murfi. Guga ɗaya tak, da igiyarsa, a rataye, kada ya taɓa ƙasa. Gugan da kowane gida ke zuwa da nasa, a ajiye inda kaji da awaki suke tattakawa, shi kaɗai ya isa ya ɓata rijiya mai kyau.

Bayan gyara sai wanki. Rijiya mai faɗin mita ɗaya tana ɗaukar kimanin lita 785 a kowace mita ta zurfin ruwa. Ga kowace mita, a zuba lita ɗaya da kwata na ruwan kulorin na wanki mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, irin Hypo ko Jik marar turare, ko giram 60 na garin kulorin, wato babban cokali huɗu, a dama a bokiti tukuna. A goge bangon rijiyar da shi daga sama da tsintsiya mai dogon sanda, a rufe ta kwana, washegari a yi ta kwarfewa har warin ya tafi. Kada kowa ya shiga rijiya bayan an zuba kulorin, kuma kada a taɓa saukar da injin ban ruwa mai fetur cikinta lokacin yasa, hayaƙinsa yana kashe mutum a ƙasa kafin na sama su farga. Ki sani wannan wanki na 'yan kwanaki ne idan masai yana ci gaba da tsiyaya.

Saboda haka ruwan sha a gyara shi a gida kullum. Alif laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Bayan ya kwanta ki tsiyaye na sama, sannan ko ki tafasa ya yi ta ɓararraka minti ɗaya cikakke, ko ki sa kwatan ƙaramin cokali na wancan ruwan kulorin a jarka mai lita 20, ki girgiza, ki jira minti 30. Ya kamata ki ji ɗan warin kulorin kaɗan. Idan babu, ki ƙara irin wannan awo sau ɗaya. Randa kuma ta samu murfi da moɗa mai mariƙi wadda ba a sha da ita.

Abu ɗaya ne tafasawa ba ta magani: sinadarin naitiret da ke fitowa daga masai da taki. Tafasawa ma ƙara masa ƙarfi take yi, tunda ruwa ne ke ƙonewa shi yana nan. Idan ya haura miligiram 50 a lita yana hana jinin jariri ɗaukar iska. Jaririn da bai kai wata shida ba a bar shi a nono zalla, idan kuma dole sai madarar gwangwani, kada a dama da ruwan wannan rijiya sai an kai shi ɗakin gwaji an auna.

Wani dattijo mai noman rani a fadamar Galma: Da can dare bai yi sai kukan kwaɗi ya hana mu barci, zalɓe da kirinjijiya kuwa ba a magana. Yanzu sun ragu ƙwarai. Yarana sun ce maganin feshinmu ne. Ni kuwa ina ganin ɗan abin da muke wankewa a kogi bai kai ya kawo ba.

Baba, Allah ya ƙara girma. Yaranku suna da hujja, bari mu auna da lissafi. Magungunan ƙwarin da aka fi fesa wa tumatir da wake, dangin saifametirin da lamda, suna cikin mafiya dafi ga halittun ruwa. Giram ɗaya a cikin lita miliyan ɗaya ya isa ya kashe ƙwarin ruwa da 'ya'yan kifi. Kwalbar lamda da aka rubuta 2.5 EC a jikinta tana da giram 25 a lita, ke nan murfi ɗaya na mililita 10 yana da kwatan giram. Wannan kwatan zai iya lalata lita 250,000, wato gurbi mai tsawon mita 25, faɗin mita 10, zurfin mita ɗaya. Da rani kuwa kogin gurabe ne da ɗan siririn ruwa tsakaninsu. Ku ƙirga masu wanke injin feshi a gaɓa ɗaya cikin mako.

Kwaɗo ta fatarsa yake shan ruwa, ya kuma yi ƙwai a ɗan ruwan gefen gona inda feshi ya fi sauka. Har maganin ciyawa na gilaifoset, wanda ake ɗauka mai sauƙi ne, sabulun da ake haɗa shi da shi don ya kama ganye yana kashe 'ya'yan kwaɗi. Idan kwaɗi da ƙwari da ƙananan kifi suka tafi, zalɓe da balbela ba su da abin kiwo, sai su ƙaura. Wani abin takaicin shi ne waɗannan halittu su ne masu cin tsutsar sauro. Ruwan da ya mutu, sauro ne yake gadonsa.

Akwai kuma tsofaffin magunguna da ba sa ruɓewa, irin su DDT da Gamalin, da suke taruwa a kitse. Ƙwaro ya ɗauki kaɗan, kifi ya ci ƙwari dubu, tsuntsu ya ci kifi ɗari. A tafkin Clear Lake na Kalifoniya a shekarun 1950 an zuba wani ɗan'uwan DDT don kashe ƙwari, a awon da ake ganin ba komai ba ne, daga baya tsuntsaye masu nutso suka yi ta mutuwa, aka tarar maganin a kitsensu ya ninka na ruwan sau dubbai. DDT kuma yana sa ɓawon ƙwan tsuntsu ya yi laushi ya fashe a ƙarƙashin uwar. Gamalin haramtacce ne, kuma masu zuba shi ko wani maganin ƙwari a gurbi don kama kifi suna kashe kifin bana da na baɗi a dare ɗaya, su kuma kai wa mutane guba kasuwa. Ko magimfa da kakanni suke dakawa su zuba, wadda ƙarfinta ke karyewa cikin 'yan kwanaki a rana, ba ta barin 'ya'yan kifi.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A ɗebi ruwa da bokitin da bai taɓa magani ba, a je a haɗa a cikin gona, nesa da gaɓa da kamar mita 30. Kwalbar da ta ƙare a zuba mata ruwa kwata, a rufe, a girgiza daƙiƙa 30, a juye cikin injin feshi, sau uku, sannan a huda ta don kada wani ya zuba mai ko fura. Ruwan wankin injin a fesa shi a gonar. A bar mita 10 na bakin ruwa ba feshi ba huɗa, a dasa jema ko gamba, saiwarsu tana tare laka da abin da ta ɗauko. Kada a yi feshi idan hadari ya haɗu ko iska tana kaɗawa wajen kogi.

Taki ma haka. Buhun yuriya mai kilo 50 yana da kilo 23 na naitirojin, kuma idan aka watsa shi a sarari shuka ba ta cika samun ko rabi ba. Wani ya tashi sama, wani ya bi ruwa ya je ya ciyar da gansakuka da kainuwa su rufe gurbi, su ruɓe, su shanye iskar kifi. A raba takin biyu, a tona kamar santimita 5 a gefen shuka a binne. Kamfa ma a binne. Riba biyu ce, ta aljihu da ta kogi.

Wata ɗaliba daga Samaru: An ba mu aikin rubutu a kan tarihin gurɓatar ruwa. Shin sabon abu ne da zamani ya kawo?

Ƙanwarmu, matsalar tsohuwa ce, kayan cikinta ne suka sauya. Hadisai sun hana fitsari a ruwan da ba ya gudu, sun kuma tsoratar a kan bayan gida a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa. Ba a hana abin da ba a yi. A birnin Zazzau, kududdufan da kike gani ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, suka zama matattarar ruwan unguwa. Majema suna aiki da bagaruwa da toka, marina da baba. Duk waɗannan suna ɓata ruwa, amma abubuwa ne masu ruɓewa, mutane kuma ba su kai yawan yanzu ba. Kurkunu da tsargiya da gudawa su ne harajin da ake biya.

Sanin cewa ruwa yana ɗauko cuta bai daɗe ba. A 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa a Landan, wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen mamatan ɗaya bayan ɗaya ya gano famfon rijiya guda suke sha. Aka cire hannun famfon. Daga baya aka tarar rijiyar ba ta kai mita ɗaya daga wani tsohon ramin masai ba. Ki kwatanta da wasiƙar Hajiya ta sama. A 1858 warin kogin Thames ya addabi majalisar Ingila har ta amince da kuɗin gina manyan magudanai.

Masana'antu suka zo da nau'in da ba ya ruɓewa. A Minamata ta ƙasar Japan wata masana'anta ta yi shekaru tana zuba zaiba a teku. Kifi ya fara tasowa, tsuntsaye suna faɗowa, kyanwoyi suna haukacewa suna faɗawa ruwa, kafin a tabbatar da cutar a jikin mutane a 1956. Ki riƙe wannan jeri, domin yana maimaita kansa: dabba tukuna, sannan yaro, sannan babba.

A nan gida, jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ya kafu, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, gari ya bazu ta kowace fuska ba tare da babbar magudanar ƙazanta ba. Kubanni, wanda aka datse don jami'ar ta sha, yana ratsa tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari ya faɗa Galma, Galma ya faɗa kogin Kaduna, shi kuma ya kai Neja. Masaƙun Kakuri a Kaduna da masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano, masu aiki da kuromiyam maimakon bagaruwa, su ne manyan misalan Arewa. Kwalara ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, a 2021 kuma an ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu. Dubban gangunan guba da aka jibge daga Italiya a garin Koko, jihar Delta ta yanzu, su suka sa aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a 1988, NESREA kuma, hukumar tilasta bin dokokin muhalli, ta zo a 2007.

Kada ki manta da nasara a rubutunki. A 1988 an ƙirga masu kurkunu sama da 650,000 a ƙasar nan. Da tace ruwa da ƙyalle, da rijiyoyin burtsatse, da hana mai ciwon shiga tafki, aka kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa babu shi. Ki kuma tambayi dattawan unguwarku labarin 'yan duba-gari na zamanin En'e, waɗanda har cikin randa suke leƙawa.

Wani malamin tsangaya daga cikin Birni: Almajiraina da ke wanka a kududdufi suna fitsarin jini. Wasu sun ce alamar balaga ce.

Allah ya gafarta Malam, ba balaga ba ce, tsargiya ce. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin ƙaramar katantanwar ruwa, bayan 'yan makonni ya fito ya huda fatar mai wanka ko wanki. Ba sai an sha ba. Idan aka bar ta shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda. Maganinta ƙwayar farazikwantel, ana bayarwa gwargwadon nauyi ko tsawon yaro, a sha bayan an ci abinci. A kai su asibiti gaba ɗaya, har waɗanda ba su ga jini ba. Idan suka koma kududdufin za ta dawo, don haka tsangaya tana bukatar masai da wurin wanka. Ruwan kududdufi da aka ɗiba aka ajiye kwana biyu cur, tsutsar da ke ciki ta mutu, ana iya wanka da shi, ban da sha.

Wani mahauci daga Sabon Gari: Jini da kayan tumbi ba guba ba ne, daga jikin dabbar da muke ci suke. Me ya sa ake cewa muna ɓata rafi?

Malam, gaskiya ne ba guba ba ne, amma ka koma amsarmu ta farko. Wajen cinye iskar ruwa, jini ya ninka ruwan ƙazantar gida sau ɗaruruwa, sa guda kuma yana ba da lita 10 ko fiye. Kayan tumbi da hanji suna ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa da ƙwan tsutsotsi, ƙasa da ku kuwa akwai masu ban ruwan latas da kabeji da ake ci ɗanye.

Dabarar ita ce a tsare kowane abu tun yana busasshe, kafin ruwa ya taɓa shi. A tari jini a baho, a dafa a rabin ganga kamar minti 20 har ya daskare, a matse a buhu, a shanya a kan kwano. Garinsa taki ne mai naitirojin kusan kashi 12 cikin ɗari. Kayan tumbi a kwashe da shebur zuwa rami, a riƙa shimfiɗa kara ko ɓuntu tsakani, a juya duk mako biyu, cikin wata biyu zuwa uku masu lambu za su saya. Sai bayan an share daɓe sannan a wanke. Ruwan wankin ya bi ta raga, ya shiga ɗakunan kankare biyu ko uku a jere, bututun kowanne yana ɗiba daga tsakiya, don kitse ya tsaya a sama, laka a ƙasa. Inda ake samun matsala shi ne rashin kwashewa: ɗakin da ya cika, ruwa wucewa kawai yake yi ta kansa.

Wata mai kiwon agwagi daga Muciya: Agwagina suna kiwo a wani kwari da ruwa ke kwanciya, kusa da inda ake fasa tsofaffin batura ana juye baƙin mai. Sun fara ramewa, fukafukai sun saki, kashinsu kore, bakwai sun mutu. Yarana ma a can suke wasa.

'Yar'uwa, wasiƙarki ce ta fi tayar mana da hankali. Ki hana yaran zuwa wurin daga yau, ki kulle sauran agwagin, kada a ci namansu ko ƙwansu.

Abu biyu ne ke kawo irin wannan. Akwai dafin da ke fitowa daga mushe a ruwa mai ɗumi marar gudu. Shi yana kayar da agwagwa cikin kwana ɗaya ko biyu, wuyanta ya saki ta kasa ɗaga kai. Akwai kuma dalma, wadda take cin tsuntsu a hankali cikin makonni, da rama da sakin fukafukai da koren kashi, kamar yadda kika faɗa. Fiye da rabin nauyin batirin mota dalma ce, ruwan batir kuma yana narkar da ita ya shigar da ita laka, agwagwa kuwa a laka take cusa baki. Baƙin mai shi ma yana ɓata gashin tsuntsu ruwa ya ratsa shi, ya kuma shimfiɗu a sama ya toshe wa ruwa iska.

A Zamfara a 2010, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega inda ake niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje, agwagi ne suka fara ƙarewa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Yara aƙalla 400 suka rasu. A 2015 aka sake gani a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Dalma ba ta da awon da za a ce lafiya ne a jikin yaro, kuma tana iya taɓa ƙwaƙwalwa ba tare da zazzaɓi ko wata alama ba. Tafasa ruwa ko kulorin ba sa cire ta.

Ki sa agwagwar da ta mutu kwanan nan a leda biyu da ƙanƙara, ki kai asibitin dabbobi na jami'a a Samaru, ki ce a duba dalma a hanta da ƙoda. Yaran, musamman 'yan ƙasa da shekara biyar, da mai ciki idan akwai, a kai su asibiti a nemi gwajin dalma a jini, a faɗa wa likita batun baturan ƙarara. Idan gwajin ya nuna maikirogiram 5 a desilitar jini ko fiye, ana fara bin sawun inda dalmar take shigowa. A gida a riƙa wanke musu hannu da sabulu kafin cin abinci, takalman da aka taka wurin su tsaya a ƙofa, ɗaki kuma a goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara mai tayar da ƙura. Rijiyar da ke kusa da kwarin a daina sha sai an auna. Sannan ku haɗu da maƙwabta ku je wurin mai unguwa, a rubuta wa KEPA, domin ko an tashi masu fasa batirin, sai an kankare ƙasar saman wurin an kwashe ta an zuba sabuwa, kamar yadda aka yi a Bagega a 2013.